Nisar Bazmi, mai karin "Ranjish Hi Sahi": wa ya san shi a cikinmu?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i 'yata ta kawo mini wayarta, wai in ji wata waƙar Indiya da ta ce tana ratsa ta. Tana kunnawa na gane ta. "Ranjish Hi Sahi" ce, wadda Ali Sethi ya sake rerawa a Coke Studio, shirin waƙoƙi na Pakistan, a 2017. Na ce mata, Ummi, wannan waƙar ba ta Indiya ba ce, kuma ta girme ki nesa ba kusa ba. Daga fim ɗin Pakistan mai suna Mohabbat ta fito, na 1972. Mehdi Hassan ne ya rera, baitocin na Ahmad Faraz ne, wanda kuma ya ɗora musu kari ya tsara kiɗan shi ne Nisar Bazmi. Sunaye biyun farko ta ce ta taɓa gani. Na ukun ko a mafarki.

Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri. Mu nan mun fi shekara hamsin muna jin waƙoƙin wancan yanki, mun san jarumi, mun san jaruma, wasunmu sun san mawaƙi, amma wanda ya zauna da harmoniya ya haifi karin da muke bi da baki, ba mu tambayar sunansa. Shi ya sa na ce bari in kawo maganar mutumin nan mu tattauna.

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumus salam Baba. Ni da nake ganin babu lungun da ban shiga ba a harkar finafinan Indiya, wallahi yau na fara jin sunan. Ya aka yi ka san shi?

Baban Ummi:
Ta hanyar malaminmu na kimiyya a sakandare, ɗana. Ɗan Pakistan ne, cikin waɗanda gwamnati ta ɗauko koyarwa a shekarun 1970. Ranar Asabar mukan je gidansa a kwatas ɗin malamai mu taya shi share tsakar gida, matarsa ta ba mu shayi mai madara da citta. Yana da wata rikoda baƙa da yake rufewa da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, da kaset cike da kwalin takalmi. A bayan kowane kaset ya yi rubutu da hannunsa da Urdu. To ka san haruffan Urdu 'yan uwan na allo ne, sai na riƙa haɗa baƙi ina karantawa. Ranar da ya ji na karanto "Nisar Bazmi" daidai, murna ta kama shi, ya ajiye kofin shayinsa ya ɗaga yatsu uku. Ya nuna mini cewa kowace waƙa tana da iyaye uku: mai baiti, mai kari, mai murya. Shi a jikin kaset ɗinsa sunan mai kari yake fara rubutawa.

Ga abin da na sani game da shi a taƙaice. Sunansa na yanka Sayyid Nisar Ahmad. An haife shi a 1924 a yankin Khandesh, wanda yanzu yake cikin jihar Maharashtra ta Indiya. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Yana yaro ya shiga ƙungiyar wani mai ƙawwali (waƙar yabo ta Sufaye) a Bombay, Yasin Khan, yana cikin 'yan amshi. A 1939 ya samu shiga gidan rediyon All India Radio. Fim ɗinsa na farko shi ne Jamna Par a 1946. Daga nan har 1962 yana Bombay yana aiki, ya yi wa finafinai kusan 40 kiɗa, amma kusan dukkansu ƙanana ne, na faɗace-faɗace da na tatsuniya, masu ƙaramin jari. A 1962 ya koma Pakistan, a can ne tauraronsa ya haska.

Maman Hanifa:
Baba ka bar abin da zai fi jan hankalin Ɗan Fagge. Laxmikant da Pyarelal, kafin su zama Laxmikant-Pyarelal ɗin da duniya ta sani, sun yi aiki a ƙarƙashinsa a Bombay suna samari. Laxmikant yana kaɗa mandolin, Pyarelal yana goge irin na Turawa. Sannan Anand Bakshi, marubucin da ya cika finafinan Indiya da baitoci na tsawon shekara arba'in, fim ɗin da ya fara rubuta wa waƙa shi ne Bhala Aadmi na 1958, kuma Nisar Bazmi ne ya yi kiɗansa. Mohammed Rafi ma ya rera masa a fim ɗin Khoj na 1953.

Ɗan Fagge:
Kai! Hajiya, Laxmikant-Pyarelal na Dosti da Bobby da Amar Akbar Anthony? Waɗanda muka riƙa cika Plaza da Marhaba saboda waƙoƙinsu? To wannan ya ƙara mini tambaya ne, bai rage ba. Ku yi mini haƙuri Baba, ba raini ba ne. Mutum ya yi shekara 16 a Bombay, ga Rafi a hannunsa, ga yara masu basira a gabansa, amma bai fito da waƙa ko ɗaya da ta girgiza Indiya ba. Ya tsallaka Lahore, cibiyar finafinan Pakistan, sai ga shi sarki. Ni abin da nake gani shi ne kasuwar Bombay ta fi ƙarfinsa. Can akwai manyan masu kiɗa, akwai Naushad, akwai Shankar-Jaikishan, akwai S. D. Burman da O. P. Nayyar. Sannan kada mu manta, bayan yaƙin 1965 Pakistan ta hana nuna finafinan Indiya a silimunta baki ɗaya. Mutanen da suka saba da Lata da Rafi aka rufe musu ƙofa, dole su karɓi abin da ke gida. A rashin uwa ake uwar ɗaki.

Baban Ummi:
Ba raini ba ne ɗana, muhawara ce, kuma maganar hana finafinan Indiya gaskiya ce, ta buɗe wa 'yan gida kasuwa. Amma Lahore ɗin da ya tarar ba kango ba ce. Khwaja Khurshid Anwar yana nan, mutumin da ya yi wa K. L. Saigal kiɗan fim ɗinsa na ƙarshe, Parwana, tun 1947 a Bombay. Rashid Attre yana nan, Master Inayat Hussain yana nan, A. Hameed yana nan, ga Sohail Rana matashi yana tasowa daga Karachi. Baƙo ne ya shigo tsakiyarsu, ba shi da dangi a masana'antar, ya nemi wurin zama ya samu. Kuma Noor Jehan, babbar mawaƙiyar Pakistan, ba mace ce da kowa zai miƙa wa kari ta karɓa ba. Ita ma daga Bombay ta dawo tana kan ganiyarta, ta yi aiki da Naushad a Anmol Ghadi, kunnenta ya san mai kyau. Ta rera masa a Aisa Bhi Hota Hai na Fazal Ahmad Karim Fazli a 1965, ta ci gaba da rera masa shekara da shekaru.

Game da Bombay kuwa, wanda ya san kasuwa ya san yadda take. In aka san ka da ƙananan finafinai, manyan furodusoshi ba sa kiranka. Fim ɗin da ba shi da babban jarumi ba ya daɗewa a silima, waƙarsa kuma ta mutu tare da shi komai daɗinta.

Ɗan Fagge:
To ai nan ne hujjarka ta dawo hannuna Baba. Fim ɗin farko da ya fito da sunan Laxmikant-Pyarelal shi ne Parasmani a 1963, kuma irin wannan ƙaramin fim ɗin tatsuniyar ne, babu wani babban jarumi. Waƙoƙin suka ɗaga fim ɗin. Shekara ɗaya bayan nan suka yi Dosti suka karɓi kyautar Filmfare. Ke nan ƙofar ba a kulle take ba. Yaransa sun bi ta cikinta shekara ɗaya tak bayan tafiyarsa.

Maman Hanifa:
Wannan magana tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba. Ni ma na sha tunanin da ya ƙara haƙurin shekara biyu ko me zai faru. Amma Yaya, akwai abin da lissafinka bai ɗauka ba. Basirar mutum takan jira muryar da ta dace da ita. Nisar Bazmi da ƙawwali ya tashi, kunnensa a baitin Urdu mai nauyi ya ginu. Finafinan da ake ba shi a Bombay na doki da takobi ne da aljanu, ba su da wurin da irin wannan waƙar za ta zauna. A Lahore ya samu Mehdi Hassan da Noor Jehan, ya samu labarai irin na Lakhon Mein Aik.

Wannan fim ɗin na 1967 ina roƙon duk wanda bai gani ba ya nema. Raza Mir ne darakta, Zia Sarhadi ya rubuta, Shamim Ara da Ejaz ne jarumai. Labarin rabuwar ƙasa ne na 1947 a yankin Kashmir: yarinya 'yar Hindu ta tashi a gidan Musulmi bayan rikici ya raba ta da mahaifinta. Ka duba, shekara biyu kacal bayan yaƙi da Indiya aka yi fim irin wannan. Akwai waƙar Noor Jehan a ciki, "Chalo Achha Hua Tum Bhool Gaye". Na fara kallonta ne da dare ina gugar kayan makarantar yara, ban san lokacin da na kashe dutsen gugar na zauna a bakin gado ba. Ba na jin Urdu sai kalmomin da suka yi tarayya da Larabci, amma yadda karin yake hawa a hankali ya je ya tsaya, sannan ya sauko kamar mai haɗiye kuka, ya gaya mini duk abin da ake nufi. Kuma wanda ya tsara shi mutum ne da shi kansa ya baro garin da ya girma a ɗaya gefen iyakar.

Mai Fiyano:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba, na je na kunna "Ranjish Hi Sahi" ta asali na bi ta a kan fiyanona. Ni sana'ata ke nan, kiɗan sitidiyo, shekarata 11 a ciki. Bari in faɗi abin da hannuna ya ji.

An gina ta a kan ragar da suke kira Yaman. Raga a wajensu kamar hanya ce da aka shata wa sauti, da inda ake bi a hau da inda ake bi a sauko. A Yaman, sauti na huɗu a matakala ana ɗaga shi rabin taki, to wannan ɗan ɗagawar ita ce take sa ka ji kamar ana roƙonka wani abu. Dubban waƙoƙi aka yi a kan Yaman, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Gwanintarsa tana inda ya ajiye kowace kalma. Ƙarshen kowane baiti kalmar "zo" ce a harshensu, gaɓa ɗaya tak, sai ya bar mata fili ta miƙe, kiɗan ya ja baya ya ba ta hanya. Mu yau da muna da wannan gurbin cika shi za mu yi da ganga da tafi, don muna tsoron shiru. Shi bai ji tsoronsa ba.

Sannan ku tuna yadda ake ɗaukar waƙa a lokacin. Babu kwamfuta, babu yanke nan a manna can. Masu goge a jere, mai tabla, mai sarewa, mai sitar, mawaƙi a gaban makirufo, duk a ɗaki ɗaya a sitidiyo irin su Shahnoor da Evernew a Lahore. Mutum ɗaya ya kuskure a minti na huɗu, kowa ya koma farko. Mai tsara kiɗa shi ne ya san abin da kowane hannu zai yi tun kafin a shiga.

Ɗan Fagge:
Ƙanena na gode da wannan bayanin, na ƙaru. Amma ga wata tambayar. Wadda duniya ta haddace ba ta cikin fim ɗin ba ce, wadda Mehdi Hassan yake rerawa a zaman dare ce, yana zaune da harmoniya yana jan baiti ɗaya ta hanya biyar, waƙar minti kaɗan ta koma ta minti goma sha. Wa ya tuna fim ɗin Mohabbat yau? Ashe ba Mehdi Hassan ne ya mai da ita abin da ta zama ba?

Mai Fiyano:
Yaya, duk inda Mehdi Hassan ya zaga ya zaga, ina yake dawowa? Kan karin nan dai. Ali Sethi ma da ya zo bayan shekara 45 da gita da kayan zamani, kan karin nan ya tsaya. Ado na mawaƙi ne, na yarda, kuma babu mai ado kamar Mehdi Hassan. Amma ba a yi wa iska ado.

Maganar nan tana taɓa ni ne don na ɗanɗana. Shekara uku da suka wuce wani mawaƙi ya zo mini da baitoci a takarda, ko kari babu, karanta su yake kamar wasiƙa. Kwana biyu muna abu ɗaya, ni na nemo amshin, ni na gaya masa inda zai ja da inda zai tsaya. Waƙar ta fita, aka yi ta sawa a gidajen biki. Ranar da na ga bidiyon, an rubuta sunan mawaƙi, an rubuta darakta, an rubuta mai ɗaukar hoto, har wadda ta yi kwalliya an rubuta. Na kalli rubutun har ya ƙare ina jiran nawa. Na kira shi, ya ce ai an biya ni kuɗin aikina. Gaskiya ne an biya ni. Amma mahaifiyata ta ji waƙar a bikin maƙwabta, na ce mata ni na yi kiɗan, ta ce to ina sunanka?

Baban Ummi:
Allah ya ba ka haƙuri ɗana, Allah ya sa wa sana'arka albarka. A nan kam mutanen Lahore sun fi mu. Sunan mai kiɗa yana fitowa shi kaɗai a allon fim, yana jikin faifan garmaho na kamfanin EMI, kuma kyautar Nigar ta finafinan Pakistan tana da rukuninsa daban. Nisar Bazmi ya karɓe ta a kan Saiqa na 1968, ya sake karɓa a kan Anjuman na 1970, da wasu bayan nan. A ƙasarsu an san shi sarai. A hanyar zuwa wajenmu ne sunan ya faɗi, don kaset ɗin da ake kwafa a kasuwa hoton jaruma kawai ake mannawa.

Maman Hanifa:
Tunda Baba ya ambaci Anjuman, a nan ne za ka ga ba waƙar baƙin ciki kaɗai ya iya ba. Hassan Tariq ne darakta, Rani da Waheed Murad ne a ciki. Runa Laila da ta rera manyan waƙoƙin fim ɗin an haife ta a 1952, ke nan ko ashirin ba ta kai ba, a zamanin da Noor Jehan ta cika fage. A 1972 ita da Nisar Bazmi suka sake haɗuwa a Umrao Jaan Ada, daga littafin Mirza Hadi Ruswa. Yawancinmu Umrao Jaan ta Rekha muka sani, ta 1981 da kiɗan Khayyam. Ta Lahore ta riga ta da shekara tara. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa Pakistan kullum bayan Indiya take bi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya daga wannan gefen. Ni tambaya gare ni ga Baba. Ƙawwalin da ka ce ya fara da shi, shi ne irin na Nusrat Fateh Ali Khan? In shi ne, ashe daga yabon Ma'aiki (SAW) ya faro ya shiga fim. Abin ya ba ni mamaki, don a Kano na ga akasin haka, masu bandiri suna ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya su ɗora masa yabo.

Baban Ummi:
Shi ne, ɗan uwa. Ƙawwali waƙar majalisin Sufaye ce, ta yabon Allah da Manzonsa da waliyyai, da jagora da 'yan amshi masu tafi. Yaron da ya zauna a sahun 'yan amshi yana koyon abu biyu da makaranta ba ta bayarwa: yadda ake furta kalma har na ƙarshen taro ya ji ta, da yadda ake maimaita layi ɗaya ba a gundure mutane ba. Ina jin su duka biyun a waƙoƙinsa na fim. Abin da ka gani wajen masu bandiri kuwa na gan shi ni ma, kari ne yake tafiya daga hannu zuwa hannu, ya je inda mai shi bai taɓa zato ba.

Ɗan Fagge:
To Baba ina ya ƙare? In har ya kai haka, me ya sa daga baya aka daina jin ɗuriyarsa?

Baban Ummi:
Masana'antar ce ta rushe a ƙarƙashin ƙafarsa. A 1971 Gabashin Pakistan ta ɓalle ta zama Bangladesh, babbar kasuwar finafinan Urdu ta tafi. Runa Laila ma ta koma can a 1974. Duk da haka an ɗan ci gaba, har a 1977 aka yi Aina da kiɗan Robin Ghosh, wanda ya haura mako 400 ana nuna shi a Karachi. A shekarar ne Janar Ziya'ul Haƙ ya karɓi mulki, aka tsaurara dokokin tace finafinai. Sai bidiyo ya shigo gidaje, iyalai suka zauna a ɗaki suna kallon finafinan Indiyan da aka hana a silima. Wanda ya rage a silima sai matasa maza, su kuma Maula Jatt na 1979 suke so, Sultan Rahi da gatarinsa, finafinan Punjabi na jini da ihu. Dubi ikon Allah, irin finafinan da suka danne shi a Bombay su ne suka biyo shi Lahore. Ya tattara ya koma Karachi, ya yi wa talabijin ɗin ƙasa waƙoƙi, ya zauna yana koyar da matasa. Gwamnati ta ba shi lambar yabo ta Pride of Performance a 1994. Ya rasu a Karachi ranar 22 ga Maris, 2007, yana da shekara 82. Allah ya jiƙansa.

Maman Hanifa:
Amin ya Allah.

Ɗan Fagge:
Amin. Ni dai har yanzu ina kan bakata cewa da ya zauna a Bombay da wataƙila da sunansa muka tashi a Fagge, kamar yadda muka tashi da na yaransa. Amma na janye maganar uwar ɗaki, ta yi tsauri. Yanzu na gama jin waƙar Lakhon Mein Aik da Hajiya ta ambata, na mayar sau biyu. Baba, bayan ita wacce zan nema?

Baban Ummi:
Nemi "Ranjish Hi Sahi" ta cikin fim ɗin tukuna, gajeriyar, kafin ka koma ta zaman dare, don ka ji abin da ya miƙa wa Mehdi Hassan da hannunsa. Daga nan ka shiga Umrao Jaan Ada. Mai Fiyano, in ka samu sarari ka ɗauko mana yadda ka bi karin nan a fiyanonka ka turo zaure, ka nuna mana sautin na huɗun da ka ce ana ɗagawa. Ummi na nan kusa da ni tana karanta bayaninka, ta ce tana son ta ji shi da kunnenta.

Mai Fiyano:
An gama Baba. Wuta ta ɗauke a unguwarmu yanzu, amma da an kawo zan ɗauka in turo in sha Allahu.